Sunan da Malam Abdulnasir Ya Riƙe a Bakinsa

Jawabin da Alhaji Idrisa Mahamane, shugaban 'yan kasuwarmu na Tamanrasset, ya yi ranar sadakar arba'in ta marigayi Malam Abdulnasir Maman, a ƙofar gidansa da ke unguwar Sersouf.

Da sunan Allah Mai rayawa, Mai kashewa, wanda gare Shi za mu koma. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman da malaman da ke tare da shi, Allah ya ƙara muku lafiya. Manyan baƙinmu, wakilan hukumomin wannan gari da ya ba mu masauki, da wakilin ƙasarmu, da shugabannin cibiyar binciken da marigayi ya yi wa aiki, mun ga zuwanku, mun gode. Dattawan Sersouf, Larabawa da Abzinawa, maƙwabtan arziki, sannunku da zama. Hajiya Salima, maiɗakin marigayi, da ke bayan labule tare da mata, da 'ya'yansa Salim da Adawiyya, Allah ya ba ku haƙurin da ya fi namu. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, sannunku. Sannan ku samarin unguwar Gataa El Oued da nake hangowa can baya, wasunku da siminti a ƙafa, kun baro aiki kun zo, kuma na san abin da hakan ke nufi ga mai aikin yini. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Idrisa mai shagon tukwane da butoci a kasuwa. Da aka ce ni zan yi magana, na ce a nemi mai ilimi, tunda ni lekkol ɗin ma, wato makarantar boko, ta taga na leƙa ta. Aka ce ai duk garin nan babu wanda ya kai ni yi wa Malam gardama, saboda haka babu wanda ya kai ni saninsa. Sai na karɓa.

Amma tun yanzu in gaya muku, ba yabo kaɗai ya tsayar da ni a nan ba. Malam Abdulnasir ya tafi da wata magana a bakinsa, kuma maganar ba tasa ba ce. Ta wata baiwar Allah ce da ke zaune cikin matan can, Zuwaira mai abinci. Shekaru ke nan ba ta sani ba ko ita matar aure ce ko kuwa mai takaba. Mutum ɗaya daga cikinmu ya san amsar, shi ne muka kai makwancinsa. Ku yi haƙuri da ni, zan bi labarin daga farko.

Ranar da ya fara shigowa shagona, da riga mai tsabta da jaka a kafaɗa, na ɗauka dowan ne, wato ma'aikacin kwastan. Ya yi sallama da Hausar Damagaram, ya zauna a kan buhu ba tare da an ce ya zauna ba, ya ce shi aikinsa ƙididdiga, an turo shi cibiyar bincike ta garin nan. Sai ya ce, "Alhaji, samarinku nawa ke mutuwa a shekara, kuma me ke kashe su?"

Na ce, "Ajali."

Ya yi dariya, ya ce, "Na yarda. Amma ajalin ta wace ƙofa yake shigowa?"

Ni da ake tasa daga shago duk ranar da aka ce wani namu ya rasu, ni da na ɗauki makara har kafaɗata ta saba, ban san amsar ba. Na san waɗanda na yi wa salla. Ban san waɗanda aka rufe ba mu ji ba. Daga ranar yaran kasuwa suka sa masa suna Malam Nawa-ne, kuma ya amsa sunan har ya koma ga Allah.

Ya kasance mutum mai tambaya, tambayar da ke hana mutum sakat. Ya kasance ba ya tambayar abu don ya ji daɗin sani, sai don yana son a gyara. Kullum maganarsa ita ce, hukuma ba za ta kafa doka a kan abin da ba ta gani ba, kuma ba za ta gani ba muddin kowane buro, wato ofishin hukuma, ya rungume abin da ya sani ya kulle ƙofa. Yakan ce mini, "Alhaji, asibiti ya san abin da ya kashe mutum amma bai san inda aka fito da shi ba. Masu ɗauko gawa sun san inda suka ɗauko ta. Buron makabarta ya san ramin. Buron da ke mayar da mutane gida ya san wanda aka sa a mota. Kowa na riƙe da hannun riga ɗaya, babu wanda ya taɓa ganin rigar." Ba ya zargin kowa. Ya ce kowane buro dokarsa yake bi, kuma dokar ta ce ya tsare sirrin mutane. Abin da babu shi ne takardar da za ta ba su izinin zama wuri ɗaya.

Ya kasance mai naci. Allah ya jiƙansa, naci kam ya yi shi har wani lokaci in ji kunya a madadinsa. Ku manyan baƙi da ke zaune a gaba, kun fi ni sanin wannan, ga wasunku can suna murmushi. A ce masa shugaba ya fita, ya ce zai jira. A ce masa ya dawo mako mai zuwa, ya dawo da dabino. Ya koyi Larabcin garin nan har yana yi wa masu gadi ba'a da shi. Da ya ga takarda ba ta tafiya, sai ya roƙi wani abokinsa Ba'abzine mai lambu a Outoul ya ara masa inuwa. Ya gayyaci mutanen buro-buro cin rago ranar hutu, ya sa ni dafa shayi. A wurin nan na ga abin mamaki: mutum biyu da suka shekara da shekaru suna aiki a kan gawa ɗaya, wannan ya rubuta nasa, wancan ya rubuta nasa, ranar suka fara gaisawa hannu da hannu.

To, ana cikin haka labari ya isa Gataa El Oued cewa Malam Nawa-ne zai haɗa kan hukumomi su riƙa musayar bayani a kanmu. Samari, kuna nan, kun tuna abin da ya faru a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a. Saura kaɗan a fitar da shi da takalmansa a hannu. Wani ya miƙe ya ce, "Malam, yau buro ɗaya ke nemanmu muna ɓuya. Kai kana so su zama biyar masu ido ɗaya?" Ni ma ina cikin masu wannan magana, muryata ma ta fi ta kowa. Na ce masa, wanda ba shi da takardar zama, abin da ke rufa masa asiri shi ne wannan buro bai san abin da wancan ya sani ba. Har yau ban janye wannan magana ba, kuma na faɗe ta a gaban manya don su ji tsoron da muke kwana da shi.

Bai yi fushi ba. Ya bari muka gama, sannan ya ce mun yi gaskiya. Ya ce yarjejeniyar da yake nema ta bincike ce kawai. Za a haɗa bayanan ne a na'ura ɗaya, a ɗaki ɗaya, a rufe sunaye a sa lamba, kuma mai binciken da ya sa hannu ne kaɗai zai ga inda suna ya haɗu da suna. Babu buron da zai ɗauki bayanin wani ya je kame da shi. Muka ce ba mu san sa hannu ba, mu Alƙur'ani muka sani. Aka ɗauko. Ya yi alwala a gabanmu, ya ɗora hannu, ya rantse cewa sunan mutum ɗaya, rayayye ko matacce, ba zai fita daga bakinsa ba sai ta hanyar da aka amince a rubuce. Mu muka nemi wannan rantsuwa. Ku riƙe wannan, don za ku ji inda ta kai shi.

Yanzu sai in faɗi wani abu da kowane ɗan Gataa El Oued ya sani, manyan baƙi kuma wataƙila yau za su fara ji daga bakin mai shi. A ɗakunan samarinmu, katin ɗan ƙasa ba na mutum ɗaya ba ne. Na ɗaki ne. Mutum biyar ko shida na kwana wuri ɗaya, ɗaya ne ke da kati. Wasu masu shantiye, wato wuraren gini, ba sa ɗaukar lebura sai ya nuna kati a ƙofa, kuma ba sa duba hoton. To duk wanda ya samu aiki ranar, shi zai sa katin a aljihu. Idan mai katin zai tafi gida noma, sai ya bar shi a ɗaki, kamar yadda ake barin buta da tabarma. Mu a wurinmu zumunci ne. Ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin abin da zai faru idan mutum ya mutu da katin a aljihunsa.

Ya faru. Akwai wani ɗaki na 'yan ƙasar Kance, mai katin sunansa Sa'idu. Damina ta faɗi, Sa'idu ya tafi gida ya bar katin. A makon da aka yi wani babban kame, unguwa ta watse, wasu an sa su a mota, wasu sun ɓuya, wani lebura ya faɗo daga saman bene a wani shantiye can bayan gari. Ya faɗo ta fuska. Aka duba aljihunsa aka ga katin Sa'idu. Babu wanda zai je ya gane gawa, don duk wanda ya san shi yana gudun ransa. Hukuma ta yi masa sutura, aka yi masa salla, aka rufe shi da sunan Sa'idu, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Mu ba mu ji ba sai bayan an gama. Saƙo ya bi hanya har ƙauye, ya tarar da Sa'idu a gona da hauya a hannu, aka yi masa ta'aziyyar kansa.

Da ƙura ta lafa, 'yan ɗakin suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wannan daga Agadas, wancan daga ƙauye. Mutum biyu ne ba su ɓullo ba har yau. Ɗaya Zakari, wani saurayi da uwarsa ke can gida tana jira. Ɗaya kuma Khamisu, mijin Zuwaira. Kabari ɗaya ne, waɗanda suka ɓata biyu. Wanda ba ya cikin kabarin, wataƙila ya yi arewa, wataƙila yana tsare a wani wuri, wataƙila hamada ta ci shi. Allah kaɗai ya sani.

Zuwaira ta jira a ƙauye har ta gaji, ta bar yaranta wurin uwarta, ta hau mota ta zo. Ta kafa tukunya a bakin hanyar Gataa El Oued tana sayar da shinkafa da wake, tana kallon fuskar duk wanda ya sauko daga mota. Da Sa'idu ya dawo, ni na raka su makabarta su biyu. Ba zan manta ba. Sa'idu ya durƙusa ya karanta sunansa da na ubansa a jikin allon, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya juyo ya ce, "Alhaji, wa zan ce?" Zuwaira kuwa tana tsaye daga nesa, ba ta matso ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce idan ta yi kuka ta kashe Khamisu, idan ta ƙi yi kuma shi ne a ciki, ta ci amanarsa. Tun ranar ba na son bin hanyar makabartar nan, sai in zagaya ko da rana ta take.

Malam Abdulnasir kullum a wurinta yake cin abincin rana. Ta gaya masa wani abu da ya sa ya ajiye cokali. Ta ce an taɓa mayar da Khamisu gida sau ɗaya, shekarun baya, kuma ya ba ta labarin yadda aka dangwala yatsunsa kafin a sa shi a mota. Malam ya san cewa masu ɗauko gawa su ma sun ɗauki hoton yatsun wanda ya faɗo. Ke nan amsar tana nan cikin garin nan, rabi a wannan buro, rabi a wancan, kuma tsakaninsu babu nisan da zai sa mutum ya hau taksi. Ya ce mata, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ranar da suka yarda suka haɗa bayanansu, za a sani." Ta riƙe wannan magana ta ci gaba da dafa shinkafarta.

Kuma suka yarda. Bayan wahalar da na faɗa muku, aka sa hannu. Jama'a, kada abin da zan faɗa nan gaba ya rufe wannan alheri. Ya kasance sanadin da aka fara ganin abin da ke cin samarinmu. Da aka haɗa bayanai, ya nuna wa hukuma yawan masu faɗowa daga gini, ya nuna irin ginin da kuma lokacin. Ya gano cewa waɗanda muke cewa sanyi ya kashe su a ɗaki, yawancinsu hayaƙin gawayi ne, sun kunna shi sun toshe ƙofa da tsumma. Malam Liman ya yi huɗuba a kai. A bara da sanyi, ni dai ban ɗauki makarar ko mutum ɗaya daga irin wannan ɗakin ba. A wasu shantiye yanzu ba a hawa sama sai da igiya a ƙugu. Akwai samari a can baya da ke numfashi yau saboda nacin mutumin nan, ko da ba su san su ne ba. Kuma tun da aka fara, ba mu ji an kama mutum ɗaya ta dalilin wannan aiki ba. Ya cika alƙawarin da ya yi mana.

Amma a makon da aka haɗa bayanan, Malam ya daina zuwa cin abinci wurin Zuwaira.

Ya canza hanya. Mutumin da ya saba bi ta gaban tukunyarta yana tsokanarta cewa yajinta zai kashe shi, sai ya koma bi ta bayan garejin masu gyaran taya. Zuwaira ta zo shagona da rana, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Baba Alhaji, Malam ya daina cin abincina. Gishiri ne ya yi yawa?"

Na ce mata aiki ne ya yi masa yawa. Ta kalle ni kawai, ta gyara mayafi ta tafi.

Na rufe shago na same shi a buronsa. Na ce, "Malam, ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya ce, "Na gani."

Na ce, "To wane ne?"

Ya ce, "Alhaji, kai ka riƙe Alƙur'anin da na dafa."

Raina ya ɓaci. Na ce mun yafe rantsuwar, ni na yafe, zan tara jama'a su yafe, ya yi kaffara. Ya ce waɗanda ya rantse wa a masallaci rabinsu an watsa su, wasu suna Arlit, wasu suna ƙauye, ta ina zan tattaro su su yafe? Ya ce kuma ba mu kaɗai ya yi wa alƙawari ba. Hukumomi sun buɗe masa abin da ba su taɓa buɗe wa kowa ba, bisa sharaɗin suna ba zai fita ba. Ya ce, "Yau in na faɗi suna ɗaya don tausayi, gobe wani zai faɗi ɗari don wata manufa, kuma zai ce Abdulnasir ne ya fara. Sannan kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, mu koma inda muka fito." Na ce to ka yi mata ishara mana, ko da kai ne. Ya ce ishara ma faɗa ce. Ya ce, "Shi ya sa ba na zuwa. Fuskata ba ta iya riƙe magana. Ko wace amsa ce, za ta karanta."

Na zage shi ranar, Allah ya yafe mini, na ce iliminsa ya cinye masa zuciya. Da na tashi fita ya ce, "Ka ce mata abincin da take aiko wa Hajiya yana isowa."

Na san abin da kuke tunani, don ni ma na yi tunaninsa, ita ma ta yi. Idan albishir ne, me zai sa mutum ya canza hanya? Ta je wurin Malam Liman, ga shi nan zaune, ya gaya mata gaskiya cewa ba a shiga takaba da zato. Ya kuma gaya mata shari'a ta buɗe wa matar wanda ya ɓata hanya, idan ta kai ƙara aka jira wa'adi. Ta ce ba ta so. Ta ce, "Malam, ba rabuwa nake nema ba. So nake in san abin da zan gaya wa yarana."

Ya kasance mutumin da ba ya karya alƙawari, kuma ya kasance mutumin da ba ya iya barci a kan haƙƙin wani. Waɗannan biyun suka haɗu a ƙirjinsa. Bai zauna ba. Ya rubuta ƙarin sharaɗi a kan yarjejeniyar: idan bincike ya gano ko wane ne mamaci, mamaci kaɗai ban da rayayye, to hukuma ta sanar da iyalinsa ta hannun liman. Ya sake ɗaukar jakarsa ya koma bin ƙofofin da ya riga ya bi, da furfurarsa da ciwon ƙirjin da ya ɓoye mana. Buro bayan buro suka sa hannu. Saura ɗaya. Ba ƙi suka yi ba, an ce takardar na jiran wanda zai duba ta.

Hajiya Salima ta ba ni izinin faɗar wannan. Ta ce a watanninsa na ƙarshe sai ya sa hannu a kwano ya tsaya, har abincin ya huce. Ta ce ya daina yi wa Adawiyya wasan da ya saba. Idan aka buga ƙofa sai ya zabura ya ce a duba ko Zuwaira ce. Ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce, "Ajiyar wani ce a wurina, mai ita na ganina kullum, ba ni da ikon miƙa mata." Ko ita matarsa bai gaya wa ba. Na tambaye ta, ta rantse.

Ranar da zai rasu ya tafi Outoul, lambun abokin nan nasa. Sun yi sallar la'asar, ya ce zai ɗan kishingiɗa a bakin ruwa. Aka zo tashinsa shan shayi aka tarar rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na yi masa wanka. Da na zo ɗaure masa haɓa, na san abin da nake rufewa a ciki.

Hajiya Salima, ki yi haƙuri. Mun karɓe miki miji shekara da shekaru, mun mayar miki da shi da kayan da mu muka ɗora masa. Ba ki taɓa yi mana gori ba. Gidan nan gidanmu ne, duk abin da ya taso, kafin ki kira Damagaram ki kira kasuwa. Salim, kai ne babba. Za ka ji wasu na cewa ubanka ya cika taurin kai, ya bar mace cikin wahala saboda takarda. Idan ka ji, kada ka yi faɗa. Ka ce musu ubanka ya rantse ne a gaban matalauta, kuma ya ɗauki rantsuwar da ya yi wa lebura da nauyi ɗaya da hannun da ya sa wa hukuma. Adawiyya, kin ce lissafi za ki karanta irin nasa. Ki karanta, 'yata, kasuwa na bayanki.

Ku kuma samari, magana ɗaya. Na san ba don wasa kuke ba juna kati ba. Amma daga yau duk wanda zai fita da katin wani, ya gaya wa mutum biyu kafin ya fita, ya kuma sa sunansa na gaskiya a ɗayan aljihun. Kada ku sake bar mana irin wannan.

Manyan baƙinmu, na zo gare ku, kuma da ladabi na zo. Mun gode da ƙofofin da kuka buɗe. Muna roƙo kada mutuwarsa ta sa a rufe su, kada kuma a sauya abin da aka buɗe su dominsa. Sannan ga roƙona na ƙarshe. Abin da Malam ya gani bai mutu tare da shi ba, yana nan a ɗakin da ya gan shi. Hannu ɗaya ya rage. Ba zan ambaci buron ba, mai shi ya san kansa, kuma na ga ya zo, Allah ya saka masa da alherin zuwa. Ranka ya daɗe, mu ba mu san yadda aikinku yake ba, wataƙila akwai dalilin jinkirin da ya fi ƙarfinka. Amma shinkafar da za a kawo muku yanzu, Zuwaira ce ta dafa. Tun asuba take kan wuta, ta ƙi a taya ta, ta ce Malam ya daɗe bai ci abincinta ba, bari baƙinsa su ci.

Na gode wa Malam Liman da malamai da suka sauke Alƙur'ani. Na gode wa maƙwabta da suka ba da tabarmi da inuwa, da mata da suka yi aiki, da duk wanda ya tako. Wanda na ɓata wa rai da maganata ya yafe mini, tsufa ne da ciwon rashi.

Mu ɗaga hannu.

Ya Allah, ga bawanka Abdulnasir ɗan Maman ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauke masa nauyin da ya ɗauka dominmu. Ka sa amanar da ya riƙe ta zama haske a gare shi. Ka tsare masa iyalinsa, Ka shirya zuriyarsa. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, da duk namu da suka kwanta a ƙasar nan da kan hanyar zuwa gare ta. Ka jiƙan bawanka da ke kwance da sunan Sa'idu. Ka sanyaya zuciyar uwar Zakari.

Saura Khamisu. Malam Liman, na tambaye ka jiya a wane layi zan sa shi, cikin matafiya ko cikin mamata, ka ce in yi duka biyun. To.

Ya Allah, idan Khamisu yana raye, Ka tsare shi inda yake, Ka kwance abin da ya ɗaure shi, Ka dawo da shi ga matarsa da 'ya'yansa da ƙafafunsa.

Ya Allah, idan Khamisu ya riga mu, Ka jiƙansa, Ka karɓi faɗuwarsa a matsayin shahadar mai neman halal, Ka haɗa shi da Malam a gidan rahama.

Jama'a, mu mun ce amin ga duka biyun, don mu ba abin da zai rage mana. Zuwaira, 'yata, ban ji muryarki ba daga bayan labule, kuma ba zan matsa miki ba. Ki riƙe amin ɗinki har ranar da za a gaya miki wadda za ki ce wa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.